Turbar Da Aka Ce Ta Mutu

"Wannan tsohon mai gajeren wando? Mama, ki ɗauko wuƙa ki yanka ni kawai ki huta."

Abin da Fabrice ya ce da ni ke nan, ɗan da na haifa da cikina, ranar da na gaya masa Remacle ya nemi aurena kuma na amsa. A ɗakin shanu muke, injin tatsa yana ta gurnani, shi kuma yana riƙe da tiyon wanke ƙasa. Na zaci ni zai fesa wa.

"Tsohon yana da suna," na ce.

"Yana da shi mana. Duk kwarin nan an san sunansa. Maƙaryaci."

"Ka iya bakinka."

"Ke za ki iya naki, Mama. Ran Alhamis alƙali za ta zo. Ki rufa min asiri, ki rufa wa kanki. Kin doshi sittin, wai aure! Me za ki ce wa mutane?"

"Waɗanne mutanen? Waɗanda ba su taɓa taya ni kwashe kashin saniya ba?"

Ya yi jifa da tiyon ya fice. Ruwa ya yi ta kwarara a kan takalmina, na kasa ko sunkuyawa in kashe.

Remacle shi ne tsohon mai raba mana wasiƙu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ni ma mijina Fernand ya kwana biyu a ƙasa. Tun da Remacle ya ajiye aiki ba shi da sana'a sai gudu. Da sassafe za ka gan shi, ƙafafu kamar na zalɓe, yana hawan tudu yana haki, da 'yar jaka a baya, a cikinta gwangwanin fenti rawaya da buroshi. Shi yake shata wa masu gudu hanya. Ɗigo a jikin itace, ɗigo a kan dutse, daga bakin coci a haye tsauni, a ratsa daji, a gangaro kogin Semois. Asabar da Lahadi sai 'yan birni su cika mana gari da motoci, su yi ta bin ɗigonsa kamar tumaki, su dawo da taɓo har kunne suna murna.

Ni har gobe ban gane mutumin da zai kama gudu ba kare ne ya biyo shi ba. To amma ba gudun zan aura ba.

Fitinar duk a kan turba ɗaya ce. Ta taso daga bayan coci, ta ratsa makiyayarmu, ta sauka gadar katako. Shekarar da Fabrice ya shiga makaranta Fernand ya ja mata waya mai ƙaya sama da ƙasa, ya ce ya gaji da masu bar masa ƙofa a buɗe. A nan kuwa kowa ya san ƙa'ida: turbar da ta shekara talatin ba a taka ta ba ta mutu, mai fili ya cinye abarsa. Amma in aka samu ko mutum ɗaya yana bi, tana da rai, ta kowa ce, ba a gini a kanta.

Gonarmu kuma duk gangare ce. In ka ajiye bokiti ka juya baya, sai dai ka je kogi ka ɗauko. Shimfiɗaɗɗen wuri ɗaya Allah ya ba mu, daidai inda turbar ta ratsa. Nan Fabrice yake so ya gina sabon ɗakin shanu, don masu duba dabbobi sun ce tsohon ya gama yayi, ko a sake ko a daina sayar da nono.

Remacle bai san da zancen ginin ba lokacin da shi da ƙungiyarsu ta masu gudu suka nemi a buɗe turbar. Kafin ya sani magana ta kai gaban alƙalin sulhu. A can ya miƙe ya rantse cewa da idonsa ya ga ana bin turbar nan shekara da shekaru.

Aka ce wa?

Ya yi shiru.

Aka sake tambaya, ya sake yin shiru. Ɗakin shari'a ya ɗauki dariya. Daga ranar sunansa ya koma maƙaryaci.

To ni ce. Ni yake gani.

Fernand bai taɓa ɗaga min hannu ba, ba zan yi wa mamaci ƙazafi ba. Amma mutum ne da za ka yi sati da shi ba ka ji komai ba sai "gishiri" da "kashe fitila". In na gama tatsar safe sai in zame ta ƙarƙashin wayar, in gangara bakin kogi, in zauna a kan dutse in sha iska. A tsallake, a kan titi, mai wasiƙa zai wuce, da can a keke, daga baya a mota. Ya ɗaga hannu. In ɗaga. Shi ke nan. Ko gaisuwar baki ba ta haɗa mu a wurin ba sai da aka binne Fernand. Wanda ya ce an yi wani abu da ya wuce haka, ya zo ya faɗa a gabana, ina da cokalin kwasar ciyawa.

*

Ran Lahadi na dawo daga coci na tarar da Norbert zaune a kujerar Fernand, cinyar barewa naɗe a takarda a kan teburina. Shi ke da injin yankan katako, shi ne shugaban mafarauta, kuma kansila ne. Ya tsani masu gudu kamar mutuwarsa, wai suna tarwatsa masa namun daji. Tun ƙasar kabarin Fernand ba ta bushe ba yake min zarya da nama.

"Odile, kin ƙara kyau."

"Idonka ne ya ƙara lalacewa."

Ya yi dariya har tumbinsa na dukan tebur. Fabrice ya zuba masa kofi a kofin baƙi, wanda ni kaina ba na sha da shi.

"Mama, Norbert ya ce duk katakon ginin a wuyansa."

"Allah ya saka. A bakin me?"

"Haba Odile," in ji Norbert. "Komai sai da baki? Ni dai na ce gida ɗaya za mu zama. Yaron nan ɗana ne. Ke kuma kin tatsu haka nan, ki zo ki huta. Gidana ɗaki bakwai, ni kaɗai nake yawo a ciki kamar fatalwa."

"Ka zuba haya."

"Ji ta! Mace kamarki ki ƙare a gidan mai raba wasiƙa? Gidan da in ka yi atishawa a ɗaki sai a ce maka sannu daga titi? Mutumin da ko ɗuwawun zama ba shi da su, gudu ya cinye?"

"Kai da ka tara naka, me suka tsinana maka?"

"Mama!"

Na cire mayafina na rataye. Na ce bari in yi magana ta hankali ko sau ɗaya.

"Norbert, an ce in majalisa ta yarda ana iya karkata turbar ta zaga ta bayan ginin. Yaro ya samu ɗakin shanunsa, masu gudu su samu hanyarsu. Kai ne kansila. Me ya hana?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an kashe fitila.

"Ta zaga ta ina? Ta bakin dajina? Muddin ina kan kujerar nan ko taku ɗaya ba za a karkata ta ba. Ta mutu, a binne ta. Ran Alhamis alƙali za ta tambaye ki, ke ce mai gidan. Ki ce tun da Fernand ya ja waya ko kare bai bi ba. Kalma nawa ce?"

"In na faɗa, Remacle fa?"

"Ya tattara fentinsa ya san inda dare ya yi masa."

Na dubi ɗana. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da babu komai a ciki.

Na ɗauki cinyar barewar na ɗora wa Norbert a cinyarsa.

"Tafi da abarka. Haƙorana sun daina cin naman da ke da ƙugiya a ciki."

Ya tashi, ya gyara hula. A bakin ƙofa ya juyo, murya ƙasa ƙasa.

"Ki yi tunani, Odile. Ba ni za ki kashe ba. Ga wanda za ki kashe nan a zaune."

Ya fita. Fabrice bai ci abincin ranar ba, ni ma ban ci ba. Dankalin ya huce a tukunya, na juye wa kaji.

*

Ran Talata da rana na samu Remacle a tsohuwar rumfar shanya taba da ke bakin kogi, wadda aka daina amfani da ita tun zamanin iyayenmu. Ana yayyafi. Yana zaune a kan katako, gwiwoyinsa duk taɓo, babu jakar a bayansa.

"Ta ina kika biyo?"

"Ta inda aka ce ba a bi."

Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

"Ina fentinka?"

"'Yan ƙungiya sun karɓe. Sun ce na ja musu abin kunya, wai in huta tukuna." Ya murza hannuwansa, har yanzu da rawaya a ƙarƙashin farcensa. "Jiya a gidan burodi yarinyar nan da na kai wa uwarta wasiƙar barka da haihuwarta, ita ce ta ce min, Baba Remacle, yau wa ka gani a turba, aljani?"

"Ka bar ni da ita."

"Odile, zauna."

"Ba zan zauna ba. Duk wanda ya ce min zauna a satin nan mugun abu zai faɗa."

Ya ɗago ya dube ni. Idanunsa sun kaɗa.

"'Yata da ke birnin Namur ta gyara min ɗaki. Ran Alhamis zan ce wa alƙali na janye. Zan ce tsufa ne, idona ne ya yi min gizo. Yaronki ya yi gininsa. Ran Asabar in hau jirgin ƙasa."

Na tako har gabansa.

"Gizo?"

"Odile..."

"Shekara talatin da ɗoriya kana ɗaga min hannu, ashe gizo kake ɗaga wa? Ni ce gizon?"

"Kin san ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Ka tashi a gaban gari ka ce kai maƙaryaci ne da bakinka? Kai da ka yi shekara arba'in kana yawo da sirrin mutane a jaka ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba?"

"Suna ne kawai. Ni na kusa gamawa da shi. Ke ɗa gare ki."

"Ɗan da yake so ya musanya ni da katako!"

"Kada ki faɗi haka. Tsoro yake ji. Matarsa ta tafi ta bar shi, shanun nan su kaɗai suka rage masa, su da ke. In kika buɗe baki ba zai yafe miki ba. Ni kuma in zauna ina kallonki kina kallon tudun nan kullum kina kuka? Ba zan iya ba. Gara in tafi kina jin haushina."

Sai hawaye. Ni da ban yi kuka a jana'izar Fernand ba, ga ni a rumfar taba ina sharɓe hanci da bakin riga kamar 'yar goye.

"Duk ku ɗaya ne," na ce. "Wancan ya ce ki yi shiru don ɗanki. Ɗana ya ce ki yi shiru don mutane. Kai ma ka ce ki yi shiru don ina sonki. Fernand ma shirun ya aura. Yaushe za a tambaye ni ni me nake so?"

"Me kike so?"

"Yanzu ka tambaya? Bayan ka sayi tikiti?"

"Ban saya ba tukuna."

"Ina so in tsufa kusa da mutumin da in na yi magana zai amsa. Ina so ɗana ya ci abincina ran Lahadi. Abu biyu. Sun yi yawa? Mata nawa ne a kwarin nan suke da su ba su roƙi kowa ba?"

Ya kama hannuna. Nasa sanyi ƙalau, duk ƙashi.

"Ki yi min alkawari ba za ki ce komai ba."

"Ba na alkawari da mai gajeren wando."

"Odile."

Na fizge hannuna na fita cikin ruwan. Na hau turbar ina tuntuɓe, na durƙusa na zame ta ƙarƙashin waya, ƙaya ta kama min riga ta baya. Na daɗe a durƙushe a wurin, ban iya gaba ba, ban iya baya ba, sai da rigar ta yage.

*

Ran Alhamis bayan tatsar safe Fabrice ya kawo min kofi da hannunsa. Tun da aka haife shi bai taɓa ba. Ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Mama, na san ke ce."

Na ajiye kofin a ƙasa.

"Tun ina yaro nake ganinki ta tagar sama. Kina kwanciya ki zame kamar kyanwa. Ban taɓa gaya wa Baba ba. Ko sau ɗaya."

"Ka sani, ka bari ana kiran bawan Allah maƙaryaci a gidan burodi?"

"Na rufa miki asiri ina ɗan shekara bakwai. Yau ni nake roƙo ki rufa min."

"Wancan ba abin kunya ba ne, ɗan nan. Iska na je sha."

"To ni numfashina ke nan!" Muryarsa ta karye. "In babu ginin nan za su rufe mu. In sayar da shanun Baba in je ina? In je birni in yi gadi? Ban iya komai ba sai wannan, ke kika koya min. Matata Carine ta tafi ban ce komai ba. Baba ya tafi. Ke ma sai ki bi wani ki bar ni da bango?"

"Wa ya ce zan bar ka? Tsallaken kogi ne. Da safe in hawo in yi tatsa, da yamma in hawo."

"Ta turbar da za ta kashe ni za ki hawo?"

Ya zame daga kan bokitin ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti, ƙaton mutum mai gemu, ya kifa kansa a gwiwata.

"Ba sai kin auri Norbert ba, na janye wannan. Ba sai kin yi ƙarya ba ma. Ki ce ba ki sani ba. Ki yi shiru kawai, Mama. Don Allah. Don nonon da na sha."

Na ɗora hannu a kansa. Gashin ya fara zubewa a tsakiya, irin na ubansa. Gaba kura, baya sayaki. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Shi ya ɗauka e ce, ya tashi ya goge ido ya je ya sa riga mai tsabta.

*

Alƙalin ta iso da la'asar. Yarinya ce, ba ta fi Fabrice ba, da takalmin roba sabo fil da ya yi mata yawa. Rabin gari ya biyo ta, mafarauta a gefe ɗaya, masu gudu a gefe ɗaya da rigunansu masu ƙyalli, tsofaffin matan coci a tsakiya don kada komai ya wuce su.

Ta duba waya ta sama. Ta gangara ta duba ta ƙasa, tana zamewa, magatakardanta yana tare ta. Norbert yana biye yana nuna mata ciyawa.

"Ranki ya daɗe, dubi tsawonta. Nan ko zomo sai ya nemi izini."

Mafarauta suka yi dariya.

Ta juya wajen Remacle. Yau ya sa dogon wando da kwat, sai ya zama kamar wani baƙo, ƙarami, tsoho.

"Malam Remacle, ka ce ka ga ana bin turbar nan. Zan tambaye ka karo na ƙarshe. Wa ka gani?"

Ya cire hula. Bai dube ni ba.

"Ranki ya daɗe, na yi tunani. Shekaru sun ja, ido kuma ya..."

"Ni ce."

Ban san na faɗa ba sai da na ga kawuna sun juyo.

"Mama," in ji Fabrice, can ƙasa.

"Ni ce yake gani. Odile, matar Fernand, mai wannan filin. Tun shekarar da aka ja wayar nake bi ta ƙarƙashinta, can wajen ƙayar nan, rani da damina, har da ƙanƙara. Gwiwoyina sun san kowane dutse daga nan zuwa gada. Idonsa lafiya lau, ya fi na duk wanda ke tsaye a nan."

Alƙalin ta dube ni sosai.

"Baba, kin san abin da maganarki za ta jawo wa ginin ɗanki?"

"Na fi ki sani, 'yar nan. Ni zan kwana da shi."

"Yaushe rabonki da bin ta?"

"Shekaranjiya. Ga rigar can a kan igiya, ƙaya ta yaga."

Wata daga cikin matan coci ta ce "Yesu!" Magatakarda ya duƙufa yana rubutu. Norbert ya yi jajir.

"Kunya dai ba ta kama ki ba, Odile? Da aurenki kina rarrafe ƙarƙashin waya kina zuwa wajen..."

"Ƙarasa. Ƙarasa mana a gaban alƙali, in ka haifu. Ni kogi na je kallo. Kai fa da ka san ana iya karkata hanyar nan yaro ya yi gininsa, ka ƙi, don barewa? Ranki ya daɗe, ki rubuta wannan ma. Ki rubuta da manyan baƙi."

"Wannan ba a gabana yake ba, Baba. Na majalisa ne."

"To ni zan kai musu."

Na juya in nemi ɗana. Babu shi. Can na hango bayansa yana hawan gangaren, farar rigar nan, bai waiwayo ba.

Mutane suka watse biyu biyu suna ƙus ƙus. Wani cikin masu gudu ya zo zai ba Remacle hannu, Remacle bai ma gan shi ba. Ni yake kallo, hawaye na bin kumatunsa.

"Me kika yi, Odile?"

"Abin da ka ƙi yi. Riƙe min hannu."

Lokacin tatsar yamma ya yi, shanu sun fara kuka. Muka hau tare. Na tura ƙofar ɗakin shanu, ƙofar da na yi shekara arba'in ina turawa da ƙugu, na ji ta gam. An sa sakata ta ciki.

"Fabrice. Buɗe."

Shanu ne kawai suka amsa.

"Buɗe, nono ya cika musu. Ka yi fushinka bayan tatsa."

Na buga da tafin hannu har ya yi zafi. Na zauna a kan dokin ƙofar, Remacle ya zauna kusa da ni da kwat ɗinsa a cikin taɓo. Yayyafi ya dawo.

Can na ji an zare sakata. Ƙofar ta buɗe kaɗan, iya faɗin fuska. Idanunsa kamar garwashi.

"Ke kaɗai," ya ce. "In kin shigo, kin gama da shi, yau, a gabana. In kuma shi ne, to ga turbarki can kin buɗe. Ki bi ta. Kada ki sake hawowa."

"Ɗan nan, ni uwarka ce."

"Uwata ta san abin da na roƙe ta da safe."

Remacle ya yunƙura zai tashi. "Shiga, Odile. Ni zan..."

"Kai kuma zauna! Ba a tambaye ka ba."

Na dubi Fabrice ta 'yar kafar nan. Na ga jaririn da na goya ina tatsa, na ga Fernand, duk a fuska ɗaya. Na jira ko zai sauke ido. Bai sauke ba.

Na sunkuya na cire takalman robana, ɗaya bayan ɗaya, na jera masa su a bakin ƙofa.

"Saniyar ƙarshe tana da ciwo a nono na hagu. Ka tatse ta da hannu."

Na gangara da safa a ƙafa. Ciyawa jiƙe, duwatsu suna sukata, shanu suna kirana a baya da muryoyin da na sani ɗaya ɗaya. Remacle ya taka wayar da ƙafa ya danne ta ƙasa, na tsallake a tsaye.

*

An ɗaura mana aure a ofishin magajin gari, shaidu biyu, babu ɗana. Gidan Remacle ƙarami ne kamar yadda aka faɗa, kuma tagar kicin ɗinsa tana kallon makiyayarmu. Alƙali ta ce turbar tana da rai, an cire waya. An mayar masa da fentinsa. Turakun da Fabrice ya kafa na ginin suna nan a tsaye, ciyawa tana cinye su, masu duba dabbobi kuma sun ba shi wa'adi zuwa bazara.

Duk zaman majalisa ina can a kujerar gaba, da jakata a cinya, daidai saitin Norbert. Ba su ba ni izinin magana ba, to ba su hana ni kallo ba. Ya fara zuwa da ciwon kai. Zai karkata turbar nan ko ya mutu da idona a kansa, kuma sai ya je gidan burodi ya faɗa da bakinsa wane ne maƙaryacin.

Da safe Remacle yana fita gudu, ni kuma in tsaya a taga da kofi. Ina ganin fitilar ɗakin shanu, ina sanin ya makara ko bai makara ba. Ran Lahadi masu gudu suna gangarowa ta turbar, ja da kore da shuɗi, maza da mata, har da masu kare. Ina duba su ɗaya ɗaya tun daga sama har su taka gada. Ina dafa dankali na mutum uku.